Kunyar Kansila Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauke kayanta.

To, ku matso. Ke mai tura kara cikin wutar nan, bar ta haka, hayaƙi kawai kike tara mana. Wannan da zan ba ku ba mai daɗi ba ce can-can, amma duk wanda dariya ta kama ya yi abarsa. Ni ma in na zo wani wurin sai na dara kafin raina ya ɓaci.

Wani gari ne na dabbobi, ana ce masa Tudun Aduwa. Tun da suka gaji da mulkin mai ƙarfi, sai suka koma yin zaɓe, kowace unguwa ta fitar da kansila ɗaya ya je ya zauna mata a zauren majalisa. Zaɓen nasu ba wuya. Mai nema ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, wanda layinsa ya fi tsawo shi ya ci. A shekarar da nake ba ku labari, Unguwar Masu Ƙaya ta fitar da Bushiya, wata tsohuwa mai faɗar gaskiya ko da za a shekara ba a gaisa da ita ba. Unguwar Masu Fiffike ta fitar da Zabuwa, wadda ta fi tsoron a ce ta yi abin kunya a kan ta ga shaho. Unguwar Ramuka kuwa ta fitar da Kurege.

Shi Kurege, ana jibi zaɓe ya bi gida-gida yana rabon gyaɗa, kowa tafi guda. Gyaɗar nan daga gonakinsu ya tono ta, da yawansu ma sun gane irinsu, amma suka karɓa suna sa albarka, wai ai ya kyauta da ya dawo da wani abu. Ranar zaɓe layinsa ya kai har bakin rafi. Aka ba shi tabarmar kansila, sabuwa fil mai jan baki, ya rungume ta ya kai gida, ko abinci bai iya ci ba don murna. Daga ranar babu abin da yake ji da shi kamar tabarmar nan, sai ko wutsiyarsa da yake shafa wa mai kowace safiya.

Ciyaman na majalisar Malam Kunkuru ne. Shi ba ya ɗaga hannu in ana yanke magana, nasa ƙirga hannun wasu ne kawai. Mutumin kirki ne, sai dai yana da hali ɗaya: da zarar magana ta yi nauyi sai ya ja kansa cikin ƙoƙo, ba ya fitowa sai an wuce wurin.

Shi ne ya kafa musu doka, don a majalisar da ta gabata Dila ya taɓa zama kansila, ya ba ƙanensa aikin gadin akurki, kafin a farga gashin kaji kawai ake sharewa. Dokar ta ce duk kansilan da magana ta shafi ɗan'uwansa, na jini ne, na nono ne, ko na aure, sai ya tashi tsaye, ya faɗi sunan ɗan'uwan da bakinsa kowa ya ji, ya naɗe tabarmarsa, ya fita gindin tsamiyar da ke ƙofar zaure. Wanda ya fita ba ya magana, ba a kuma yi masa magana, sai an gama. Wanda kuwa ya ɓoye ɗan'uwa ya ƙi faɗa, a karɓe tabarmarsa, a guntule masa wutsiya tun daga tushe. Bushiya ta ce ita ko wutsiyar kirki ba ta da, amma ta yarda. Gari duk aka haddace: ka tashi, ka faɗa, ka naɗe, ka fita.

To, Kurege yana da ɗan fari, sunansa Jatau. Ba yaro ba ne, magidanci ne da mata da 'ya'ya uku. Gida ɗaya suke da uban, zaure ɗaya, kowa da sashensa. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa in da mutane. A Tudun Aduwa sun riƙe wannan al'ada gam, uban da ya kuskura ya kira sunan ɗan farinsa sai a shekara ana nuna shi da baki a kasuwa. Tun ranar suna Kurege bai taɓa furta sunan nan ba. In yana kiransa sai ya ce "kai", in yana zancensa sai ya ce "wancan". Ba wai ba ya son sa ba ne. Yana son sa, irin son da yake yi wa ramin da ya ɓoye gyaɗa, wanda ko wajensa ba ya kallo in ana ganinsa. Jatau kuwa ladabi gare shi har ya yi yawa. In uban ya ce masa da hantsi rana ta faɗi, sai ya ce to, ya je ya kunna fitila.

Ana nan ana nan, kaka ta yi, gero ya yi kyau. Bushiya ta kawo shawara a gina rumbun tsimi na gari, kowane gida ya kawo tsabar gero a zuba, a liƙe, ba za a buɗe ba sai marka ta zo, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Kowa ya ce shawara ta yi. Kurege na zaune a kan tabarmarsa, da ya ji an ce geron gari duka zai taru a wuri ɗaya, sai yawunsa ya tsinke, ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Ana tashi bai tsaya gaisawa da kowa ba, sai gida.

Ya tsaya a tsakar gida yana kallon bango, ya ce, "Kai."

Jatau ya fito ya durƙusa. "Na'am, Baba."

"Gobe ka je ka ce kana son aikin ginin rumbun gari."

Jatau ya ce shi fa ko murhu bai taɓa ginawa ba, haƙa rami kawai ya iya. Kurege ya ce rumbu ai rami ne da aka kifa a bisa ƙasa, wanda ya iya na ƙasa ya iya na sama. Jatau ya ce to.

Ranar ba da aiki zaure ya cika maƙil, har wasu na leƙe ta taga. Masu neman aikin uku ne. Akwai Beguwa, wadda duk rumbunan kirki na garin ita ta gina, babu wanda ya taɓa ko tsagewa. Akwai Zakara, wanda bai san komai ba sai tonon ƙasa da cika baki. Sai Jatau, yana tsugune a gefe kansa a ƙasa. Kowa ya san Beguwa ce ta dace, kuma kowa ya san Bushiya da Zabuwa ita za su ɗaga wa hannu.

Malam Kunkuru bai gama buɗe taro ba sai Kurege ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni ba na son magana, amma doka ce, ba ni ba. Yaya Bushiya, ke da Beguwa fa? Na ga ƙaya a bayanki, na ga ƙaya a bayanta."

Bushiya ta ce in ƙaya ce zumunci, to ita da itacen aduwa ma 'yan ɗaki ɗaya ne. Zaure ya kwashe da dariya. Kurege ma ya dara, ya bari aka yi shiru, sannan ya tambaya a hankali ko ba a gidan su Beguwa aka yaye kakar Bushiya ta wajen uwa ba. Da wata ce sai ta ce ba ta tuna ba, don babu mai rai da ya ga wannan yaye. Amma ita ba ta iya ƙarya ba, kuma Kurege ya san ba ta iya ba. Ta ce haka ne, ta ji ana faɗa. Ta tashi, ta faɗa, ta naɗe, ta fita.

Kurege ya juya wajen Zabuwa. "Hajiya, ki gafarce ni. Wa ya kwanta a kan ƙwanki har aka ƙyanƙyashe ki?"

Kowa ya san ƙwan zabuwa kaza ake sa wa. Kazar da ta ƙyanƙyashe ta kuwa matar Zakara ce. Kurege ya ce ashe ke nan mijin uwarta ne ke neman aiki. Zabuwa ba ta ko tsaya jin ƙarshen magana ba, ta zabura ta ce "Zakara, Zakara," ta yi waje a guje, sannan ta tuna ba ta naɗe tabarma ba, ta dawo ta naɗe, ta sake fita tana ba kowa haƙuri.

Saura Kurege shi kaɗai a kan tabarma. Malam Kunkuru ya miƙa wuya ya dube shi, ya dubi Jatau, ya sake dubansa.

"To, Kansila Kurege, kai fa? Akwai naka a cikin masu neman aikin nan?"

Sai Kurege ya sunkuyar da kai. Ya fara zanen ƙasa da farce. Kunkuru ya sake tambaya, sai Kurege ya jawo wutsiyar nan tasa mai sheƙi ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Masu kallo suka ɗauka kunya ce ta kama shi, alhali dariya yake dannewa. Zaure ya fara gunaguni. Wata tsohuwar Akuya ta miƙe daga cikin jama'a.

"Haba Malam, da girmanka? Uba za ka sa ya kira sunan ɗan farinsa a bainar jama'a? Ina aka taɓa yin haka?"

Nan take kowa ya samu abin faɗa. Wannan ya ce bai kamata ba, wancan ya ce zamani ya lalace, wani ya ce ko doka ai ta san manya. Magana ta yi nauyi, Malam Kunkuru ya ja kai cikin ƙoƙo. Daga gindin tsamiya Bushiya ta ɗaga murya ta ce ai kowa ya san ɗansa ne, a fitar da shi kamar yadda aka fitar da su. Kurege bai ɗago ba, daga ƙarƙashin wutsiya ya ce, a hankali, "Wanda ya fita ba ya magana." Jama'a suka ce gaskiya ne, doka ce, aka aika a ce wa Bushiya ta yi shiru.

Da ƙura ta lafa Malam Kunkuru ya fito da kai. Ya ce shi dai doka ta ce a faɗa sannan a naɗe, kunnensa kuwa bai ji an faɗi suna ba, saboda haka babu tabarmar da za a naɗe. Ya ce masu son Beguwa su ɗaga hannu, babu. Masu son Zakara, babu. Masu son na ukun, sai hannun Kurege ya fito daga bayan wutsiya. Kunkuru ya ƙirga a tsanake, ya sake ƙirgawa don kada a ce ya yi kuskure, ya ce ɗaya, kuma ɗaya ya fi babu. Aka ba Jatau aiki.

Abin da ke ƙona mini rai a nan ba Kurege ba ne. Zauren nan cike yake, kuma babu babba ɗaya a ciki da bai ci tuwon sunan Jatau ba. Sun san shi, sun san ubansa, sun san ranar da aka yanka masa rago. Geronsu ne za a zuba a rumbun nan, 'ya'yansu ne za su ci. Amma suka watse suna yabon Kurege, wai irinsu masu kunya sun yi ƙaranci a wannan zamani.

Aka fara gini. Rumbun kirki a kan duwatsu ake ɗora shi, don kada damshi da gara da masu haƙa su kai gare shi. Kurege ya ce wa ɗansa duwatsu ɓata lokaci ne, ya dasa shi a ƙasa kawai. Jatau ya ce to. Kurege ya kuma ce a bar 'yar kafa a gindi, daidai shigar hannu, don hatsi ya riƙa shan iska. A nan Jatau ya ɗan tsaya, yana murza laka a hannu.

"Baba, na ji Beguwa na cewa ba a yi wa rumbu ƙofa ta ƙasa."

"Beguwa ce ta haife ka?"

Jatau ya ce to.

Rumbu ya tashi a karkace, cikinsa ya fi karkata gabas. Masu wucewa suka ce wata sabuwar fasaha ce. Beguwa ta zo ta zagaya shi sau ɗaya, ta yi tsaki, ta tafi. Kowane gida ya kawo tsabarsa aka zuba har baki, aka liƙe da laka, aka ɗora jinka, aka yi addu'a aka watse.

Da bazara ta shigo, rana tsaka in kowa ya kwanta a inuwa yana haki, sai Kurege ya shige bayan turmin da ke tsakar gidansa ya kama haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa, har ya ɓullo daidai 'yar kafar nan. Ya sa farce ya taɓa, gero ya zubo masa a ka, shaa. Ya kwanta a ciki ya yi birgima. Daga ranar kullum sai ya cika kumatu ya kai wani rami da ya tanada a daji, ya dawo ya cika, ya kai. Ya ci, ya ɓoye, ya ci, ya ɓoye. Wuyansa ya yi kauri, tumbinsa ya fara share ƙasa. In an ce Kansila an yi ƙiba, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce ba ƙiba ba ce, tunanin talakawa ne ke kumbura shi. Ko ƙwaya ɗaya bai kai sashen Jatau ba, don a ganinsa in jikokinsa suka yi ƙiba za a gane.

Wata rana yana fitowa daga bayan turmi, kumatu fam, ƙasa a ka, sai suka yi ido huɗu da Jatau. Kurege ya tsaya cak. Jatau ya kawar da fuska, yadda ake yi in an ga babba a halin da bai kamata a gan shi ba, ya koma ɗaki. Kurege ya ji daɗi a ransa, ya ce lallai wancan ya samu tarbiyya.

Kwanci tashi damina ta yi nisa, marka ta kankama. Ruwa ba dare ba rana, gero a gona ko kai bai fitar ba, tukwane a gida sun bushe. Kaza ta rasa 'yan tsaki huɗu a mako guda. 'Ya'yan Jatau ma haƙarƙarinsu ya fito ana ƙirgawa. Aka ce lokaci ya yi, a buɗe rumbu. Gari duk ya hallara, kowa da ƙwaryarsa a hannu, yara na tsalle. Zabuwa ta tashi sama ta ture jinka, ta fasa liƙin, ta leƙa. Ta daɗe tana leƙe. Da ta ɗago, ganin fuskarta kawai ya isa kowa ya ajiye ƙwaryarsa.

Aka ɗaga Bushiya aka zura ta ciki. Abin da ta tarar bai cika ƙoƙo ba. Ta ga kafa a gindi, ta dunƙule ta shige. Jama'a na tsaye cikin yayyafi suna jira, shiru, shiru. Can sai aka ji muryarta daga wata unguwa tana cewa a zo. Aka bi murya, sai ga ta a tsakar gidan Kurege, bayan turmi, ƙaiƙayi duk ya maƙale mata a ƙaya. Turmin nan kuwa a tsakiya yake, tsakanin sashen uba da na ɗa. Aka bincike gidan kaf, ba a samu gero ba.

A ranar aka koma zaure. Wannan karon babu mai dariya. Aka gurfanar da Jatau a tsakiya. Beguwa ta zauna a bakin ƙofa tana wasa wuƙa a kan dutse, kowa na jin ƙarar. Bushiya ta tashi ta ce kafin a taɓa wanda ya gina, a fara da wanda ya ba da aikin. Ta ce ga kansila zaune da ya ɓoye ɗan'uwa ya ƙi faɗa, kuma doka ta faɗi abin da ake yi wa irinsa. Yunwa ta sa jama'a sun manta da yabon da suka yi, har tsohuwar Akuyar nan ita ce kan gaba wajen cewa a yanke.

Kurege ya dubi wuƙa, ya dubi wutsiyarsa. Ya shafa jan bakin tabarmarsa. Ya saci kallon wancan, yana durƙushe a tsakiya, ya rame har wuya. Kurege ya sani sarai magana ɗaya ce za ta fitar da shi, ya ce ni na sa shi, ni na kwashe, ga inda geron yake. Da ya faɗi haka, da ya rasa wutsiya da tabarma, da gari ya ci tuwo, da ɗansa ya kwana a ɗakinsa. Ya auna, ya sake aunawa, bai daɗe yana awon ba. Sai ya miƙe tsaye, ya matso hawaye.

"Jama'a, Yaya Bushiya ta yi gaskiya. Na yi laifi. Ranar nan na bar kunya ta rufe mini baki, na ɗora ta a kan doka, ga abin da ya jawo mana. Yau zan gyara, ko da za a shekara ana nuna ni da baki. Maganar nan ta shafi ɗan'uwana na jini. Wanda ya gina rumbun nan ɗana ne, ɗan farina. Sunansa..."

A nan harshensa ya sarƙe, kuma wannan ba wasa ba ne. Sunan ya yi masa nauyi a baki, bai san ta inda ake fara shi ba. Ya haɗiye yawu.

"Jatau. Sunansa Jatau."

Mata suka rufe baki da hannu. Jatau ya ɗago kai, karo na farko tun da aka gurfanar da shi, ya zuba wa ubansa ido. Kurege bai yarda ya kalle shi ba. Ya durƙusa ya naɗe tabarmarsa a tsanake, ya sa a hammata, ya tsallake Beguwa da wuƙarta, ya fita.

Bushiya ta ce a dawo da shi, akwai tambayoyin da zai amsa, wa ya haƙa ramin, ina geron. Malam Kunkuru ya ce ba dama, wanda ya fita ba a yi masa magana sai an gama. Ta ce ai tun ranar ba da aiki ya kamata ya faɗa, ba yau ba. Kunkuru ya yi nazari ya ce ya binciki dokar daga farko har ƙarshe, ba ta ambaci ranar da za a faɗa ba. Ya tashi, ya faɗa, ya naɗe, ya fita, to me ya rage? Tsohuwar Akuya kuwa har ta fara share hawaye, tana cewa uban da zai kira sunan ɗan farinsa saboda gaskiya, ai ba a taɓa wutsiyar irinsa.

Kurege na gindin tsamiya, ruwa na ɗiga masa a ka, yana jin komai ta jikin bango. Ya ji Bushiya ta sassauta murya tana tambayar Jatau wa ya ce ya bar kafa a gindin rumbu. Sai ya ji muryar ɗansa: "Ni na gina." Ta ce ba gini ta tambaya ba, wa ya sa shi. "Ni na gina." Ta ce ya dubi 'ya'yansa, ya dubi ƙasusuwansu, wanda ya ci geron gari ba haka 'ya'yansa suke ba, ya faɗi sunan wanda ya kwashe a sake shi yanzu. Wannan karon shirun ya yi tsawo, har Kurege ya fara duban hanyar gudu. Sai ya sake ji, can ƙasa-ƙasa: "Ni na gina."

A lokacin nan kunya ta kama Kurege, ta gaske, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ta shige shi har ƙashi, idonsa ya cika da hawayen da ba shi ya matso ba. Amma ba ta tashe shi daga inda yake zaune ba.

A ciki aka ce a yanke hukunci, a kori Jatau daga Tudun Aduwa shi da iyalinsa. Bushiya ta ce ba da ita ba, ba za ta zauna a yi wannan zalunci a gabanta ba, ta fizgi tabarmarta ta fice tana huci. Ita ma ina jin haushinta, don da ta zauna da hannunta ya tare na Zabuwa. Zabuwa ta dubi jama'a, ta ga duk ita suke kallo, ta ɗaga fiffike. Malam Kunkuru ya ƙirga, ya ce ɗaya, ya ja kai cikin ƙoƙo.

Kafin la'asar Jatau ya ɗaure 'yan komatsansa. Matar na gaba da ƙaramin a goye, manyan biyu na riƙe da juna, shi yana baya da tukunya a ka. Hanyar fita gari ta gindin tsamiya ta bi. Da ya zo daidai uban sai ya sauke tukunyar, ya durƙusa cikin taɓo, yadda ya saba.

"Baba, za mu tafi."

Kurege na kallon ƙasa.

"Ashe ka san sunana, Baba. Tun ina ƙarami nake so in ji yadda yake a bakinka. Yau na ji."

Ya ɗauki tukunyarsa ya bi bayan iyalinsa. Kurege ya buɗe baki zai kira shi, abin da ya fito kawai shi ne "Kai." Ruwa na zuba, ko ya ji ko bai ji ba, bai dai waiwayo ba.

Shekarar nan an yi jana'iza da yawa a Tudun Aduwa kafin gero ya nuna, kuma babu wadda Kurege bai je ba, yana gaba-gaba. Da zaɓe ya zagayo aka ce gari na bukatar wanda zai riƙa kula da dokar nan, yana hukunta kansilolin da ke ɓoye 'yan'uwa, kuma aka ce babu wanda ya cancanta kamar wanda bai bar ko ɗan cikinsa ba. Aka ƙara masa tabarma ta biyu. In rana ta take sai ya sulale daji ya shiga raminsa, ya zauna shi kaɗai a kan geron gari, yana ci. Geron da yawa, ya kai shi shekara uku.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan, ba don na so ba. Darasin kuwa ga shi, ku riƙe da kyau: duk wanda zai nemi kansila a cikinku kada ya yi gaggawa. Ya fara yin aure tukuna, ya haifi ɗan fari, ya ba shi tarbiyya mai kyau, don akwai ranar da za a bukace shi.